Underlie, aikatau na Turanci

Underlie aikatau ne a harshen Turanci da ke nufin kasancewa a ƙarƙashin wani abu, kamar yadda shimfiɗar dutse take kwance ƙarƙashin ƙasar noma. A yau an fi jin sa a ma'anar aro, wato zama tushe ko silar wani abu ba tare da fitowa fili ba.

Asali da tarihi

Kalmar harɗaɗɗiya ce daga under, ma'ana ƙarƙashi, da lie, ma'ana kwanta. A tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila har zuwa bayan mamayar da Normandawa, mutanen arewacin Faransa, suka yi a 1066, sigarta ita ce underlicgan. Abin lura shi ne a wancan zamani ba kwanciyar zahiri aka fi nufi da ita ba. Miƙa wuya ake nufi, irin na bara ga ubangidansa ko na talaka ga hukuma. Wannan ma'ana ta yi rauni a Ingila, amma ta daɗe a harshen shari'ar Sikotilan, inda ake cewa mutum zai "underlie the law", wato zai gurfana ya karɓi duk abin da shari'a ta yanke. 'Yar'uwarta ta Jamusanci, unterliegen, har gobe tana riƙe da tsohuwar ma'anar: shan kaye, ko zama ƙarƙashin wata ƙa'ida.

Ma'anar zahiri, ta abu ƙarƙashin abu, ana kyautata zaton ta bayyana a rubuce wajen shekarar 1600, daga baya masana duwatsu suka rungume ta wajen kwatanta yadda hawa-hawan ƙasa suke jere. Ta aro kuwa sai wajen tsakiyar ƙarni na 19.

Nahawu

Aikatau ne mai buƙatar karɓau, kuma ba ya bin ƙa'idar ƙara -ed. Shuɗaɗɗen lokacinsa underlay ne, siga ta uku kuma, wadda ake sawa bayan have ko has, ita ce underlain. A nan ake yawan yin tuntuɓe, domin akwai wani aikatau daban, underlay, mai nufin shimfiɗa abu ƙarƙashin wani, kamar soson da ake sawa kafin a ɗora kafet. Shuɗaɗɗensa underlaid ne. Ko 'yan asalin harshen sukan cakuɗa su, har wasu marubuta kan kauce wa sigar underlay gaba ɗaya.

Amfani a yau

Siffar da aka ciro daga aikatau ɗin, underlying, ta fi shi kasuwa nesa ba kusa ba. Likitoci na amfani da ita ga cutar da mutum yake ɗauke da ita tun can, irin su ciwon suga da hawan jini, kuma annobar korona ta 2020 ta sa ta a bakin kowa. A hada-hadar kuɗi tana nufin kadarar da wata yarjejeniya ta jingina da farashinta, a ilimin harsuna kuma siga ta asali da ake ɗauka tana ƙarƙashin furucin da kunne yake ji.