Kafin a zuba kwalta a unguwarku, ku tambayi inda mai ƙafa zai bi

Duk wanda ya yi aiki a ƙaramin asibitin unguwa da ke bakin babban titi ya san irin raunukan da ake kawowa daga tashin makarantar boko zuwa magariba: yaron da adaidaita sahu ta buge zai tsallaka zuwa Islamiyya, dattijuwar da ta faɗa lambatu garin kauce wa mota, mai keken da tifa ta matse a gefen hanya. Mu wanke, mu ɗinke, wanda ya fi ƙarfinmu mu tura babban asibiti. 'Yan uwa su ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Babu mai ja da ƙaddara. Amma idan kwanar titi guda ce take ta aiko mana da masu rauni wata bayan wata, to akwai abin dubawa a yadda aka tsara wannan kwanar.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya na kashe mutum kusan miliyan 1.19 a shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. Fiye da rabin mamatan ba a cikin mota suke ba: masu tafiya a ƙafa ne, da masu keke, da masu babur. Idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara, alhali motocinmu ba su kai na wasu ba.

Gudu shi ne tushen matsalar. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a daƙiƙa ɗaya, wato kafin direba ya ɗaga ƙafa daga totur ya taka burki ya riga ya wuce ƙofar gida ɗaya ko biyu. In aka ninka gudu, tazarar da burki ke buƙata kafin mota ta tsaya takan ninka sau huɗu. Hukumar ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge ya kan ninka sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. Shi ya sa taron ministocin duniya da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a 2020 ya nemi kada gudu ya wuce kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu ƙafa da masu keke. Ƙofar makaranta, bakin kasuwa, gaban masallaci, duk suna ciki.

Sai dai allon da aka rubuta 30 a jikinsa ba ya rage gudun kowa. Direba da idonsa yake tuƙi. In ya ga titi fetal, ɗoɗar, babu bishiya babu kwana, ƙafarsa da kanta za ta danna totur, ko da mutumin kirki ne. In ya ga layinsa daidai faɗin motarsa, ga wata na tahowa ta ɗaya hannun, ga wurin tsallakawa da aka ɗaga, zai sassauta ba tare da an daka masa tsawa ba.

A nan maganar titi mai hannu biyu ta shigo. Garuruwan Amurka da yawa sun mayar da titunan tsakiyar gari masu hannu ɗaya a wajajen shekarun 1950 don motoci su wuce da sauri, kuma sun wuce da saurin, sai dai titunan suka zama filin tsere. Yanzu wasu na komawa baya. A Louisville ta jihar Kentucky an mayar da tituna biyu zuwa hannu biyu a 2011, binciken da ya biyo baya ya nuna haɗurra sun ragu a kansu duk da ababen hawa sun ƙaru. Mu a nan matsalar da wata kama take zuwa. A faɗaɗa titin cikin unguwa, a raba shi da doguwar katangar siminti, a kai wurin juyawa can nesa. Mai adaidaita da fasinjansa zai sauka a layin da ke tsallake ba zai ƙona mai ya zagayo ba, sai ya bi wan-we. Yaron da aka koya wa duba hannu ɗaya kafin ya taka kwalta, ta ɗaya hannun abin ke zuwar masa. Ban wanke mai bin wan-we ba, laifi ne kuma ya cancanci tara. Amma titin da kullum sai an karya dokarsa kafin a isa gida, tun a takarda aka yi kuskurensa. Titin unguwa layi ɗaya zuwa, layi ɗaya dawowa ya ishe shi, sauran filin a bar wa mutane.

Gadar masu ƙafa ma ina da ja a kanta. A kan babbar hanyar da tireloli ke bi tana da amfani. Amma a cikin gari, ku tsaya ku kalli wa yake hawa. Mai tsohon ciki ba za ta hau ba, haka tsoho mai ciwon gwiwa, haka ɗan garuwa da kurarsa, balle mai keken guragu. Duk ta ƙasa za su bi, cikin motocin da aka sakar wa hanya saboda an ce ai akwai gada. Abin da ya fi dacewa shi ne wurin tsallakawa a ƙasa, a ɗaga shi daidai tsayin gefen titi, a yi masa fenti da fitila, a bar ɗan tudu a tsakiya inda mutum zai tsaya ya numfasa kafin ya ƙarasa ɗaya rabin.

Hanyar masu ƙafa kuwa sau da yawa tana nan, ba a gama ta ba ne. Lambatun da ɗan kwangila ya bari a buɗe, in aka rufe shi da silab mai ƙarfi, ya zama hanya, ya kuma rage shara da sauro. Mai shayi da mai kayan miya za su zo, domin inda ƙafa take nan ciniki yake, kuma kora ba ta taɓa hana su dawowa ba. Gara a shata musu wurinsu tun farko. A kuma dasa darbejiya, don babu mai taka ƙasa a zafin Afrilu in babu inuwa.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 mutane da yawa sun kakkaɓe kekunansu. Mu ma'aikatan lafiya murna muke, don minti 150 na motsa jiki a mako da muke faɗa wa masu hawan jini da ciwon suga, zuwa aiki da dawowa kawai ya biya su. Amma da wane baki zan ce wa magidanci ya hau keke a tsakiyar tifofi? Keke na buƙatar layinsa da aka kare da dakali, fenti kaɗai wurin fakin zai zama. Ƙasar Holan da ake misali da ita wajen hawa keke ba haka ta tashi ba. A 1971 haɗarin hanya ya kashe mata mutum fiye da 3,000, sama da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga, tsadar mai ta 1973 ta ƙara matsa lamba, sannan aka fara sake fasalin tituna. Kusa da mu, Nairobi ta amince a 2015 a riƙa ware kashi 20 cikin 100 na kuɗin aikin hanya don masu ƙafa da masu keke.

Lokacin magana shi ne ranar da kuka ga masu awo da na'urarsu a layinku, kafin a kawo gireda. Mai unguwa, kansila, limami, shugabar makaranta da ƙungiyar ci gaban unguwa su nemi a nuna musu zanen aikin. Su tambaya ta ina 'yan makaranta za su tsallaka, ko za a rufe lambatu, ina adaidaita za ta tsaya ta sauke fasinja, kuma tazarar wurin juyawa nawa ce. Gyara a takarda kusan kyauta ne, bayan an zuba kwalta sai an fasa.

Roƙo ɗaya ga matasa: ku daina gina tudun rage gudu da kanku da ƙasa ko kututture ko igiyar jirgi. Wanda ya yi tsini, ba fenti ba fitila, shi ke kayar da mai babur da daddare, ya jijjiga mai naƙuda. Ku nemi hukumar da ke kula da titin ta yi mai faɗi, mai gangara a hankali.

Abokan aikina kuma, in an kawo mai rauni, bayan suna da shekaru a ƙara rubuta ainihin wurin da abin ya faru da lokacin. Cikin 'yan watanni rajistar za ta nuna wace kwana ce ta fi cin mutane, kuma ita ce takardar da kwamitin lafiya na mazaɓa zai riƙe in zai je gaban shugaban ƙaramar hukuma.