Ƙurar da soja ke dawowa da ita gida a huhunsa

Idan tsohon soja ya zo asibiti, mukan tambaye shi sana'a, ya ce shi ɗan mazan jiya ne, mu rubuta a kati mu ɗaura masa abin awon jini. Da wuya a ji ɗayanmu ya ce, "Baba, ina aka kai ka yaƙi? Me ka shaƙa a can?" Ni kaina na daɗe ina wuce wannan tambaya, alhali wani lokaci a cikin amsarta bakin zaren yake. Ɗaya daga cikin abubuwan da ya kamata mu riƙa tambaya a kai shi ne wani ƙarfe da zan kira dusar yuraniyom.

Ga dalilin sunan. Yuraniyom da ake haƙowa daga ƙasa yana ɗauke da wani ɗan kaso, bai kai 1 cikin 100 ba, wanda shi ne ake nema don tashar lantarki ta nukiliya ko bam. Idan aka tankaɗe shi aka kwashe wannan kaso, sai tarin ragowa ya saura, kamar dusa bayan surfe. Tiririn nukiliyar da wannan ragowa ke fitarwa bai wuce kashi 60 cikin 100 na yuraniyom ɗin asali ba. Amma nauyinsa ya kusa ninka na dalma sau biyu, kuma idan ya bugi sulken tankar yaƙi ba ya lanƙwashewa, ƙara tsini yake yi yana kutsawa, sannan ya kama da wuta a ciki. Wannan ne ya sa sojojin Amurka da na Birtaniya suka mai da shi kan harsashi.

A yaƙin Tekun Fasha na 1991 aka fara amfani da shi gadan-gadan. An harba kimanin tan 300 a Kuwait da kudancin Iraƙi, mafi yawa daga jiragen yaƙin Amurka ƙirar A-10, saura daga tankoki. Ƙungiyar NATO ta harba harsasai kimanin 10,000 a Bosniya a 1994 da 1995, da wasu kimanin 31,000 a yaƙin Kosovo na 1999. An sake a Iraƙi a 2003, sai Siriya a 2015, kuma a 2023 Birtaniya da Amurka suka ba Yukren irinsa. Nijar tana cikin ƙasashen da suka tura dakaru Saudiyya a yaƙin 1991, don haka ba abin mamaki ba ne a samu dattijo mai jin Hausa da ya taka wannan sahara.

Abin da nake so ya zauna a zuciyar mai karatu shi ne, haɗarin wannan ƙarfe yana cikin ƙurarsa. Tiririn da ya fi fitarwa ko takarda ba ya hudawa, balle fatar mutum. Sojan da ya loda harsashin cikin kwansonsa bai cika shiga haɗari ba. Amma da zarar harsashin ya ƙone, sai ya zama baƙin gari mai laushi kamar kwalli, ya manne a kujerun tankar, a sitiyari, a bango, a ƙasa. To sai yaro matashi, murna ta cika shi an ci yaƙi, ya haye ƙonanniyar tankar abokan gaba don a ɗauke shi hoto. Ya leƙa ciki, ya ɗauko hular kwano ko wani guntun ƙarfe ya cusa a jaka, tsarabar gida. Ya sauko ya kaɗe wandonsa da hannu, ya ɓare biskit ya ci, ya kunna taba. Ba wanda ya gaya masa komai. Dubban sojoji sun yi irin wannan a 1991. A watan Yuli na shekarar, gobara ta tashi a sansanin Doha da ke Kuwait, ta cinye motocin yaƙi da harsasai har da na wannan ƙarfe, aka sa sojoji share wurin ba tare da an gargaɗe su kan ƙurar ba.

Idan ƙurar ta bi ta baki, kusan dukkanta tana fita da bayan gida. Wadda ta shiga jini kuwa ƙoda ce ke tace ta, kimanin kashi biyu cikin uku su fita da fitsari a kwana guda. Shi ya sa ƙoda ce farkon abin da muke ji wa tsoro, domin yuraniyom dafi ne irin na ƙarfe mai nauyi, ɗan'uwan dalma, ko da an ajiye maganar nukiliya gefe. Ƙurar da aka shaƙa ta fi wuyar sha'ani. Wani ɓangarenta ba ya narkewa, yana iya yin shekaru a huhu yana ɗan ƙona naman da ke kewaye da shi, wani kuma ya tafi ya kwanta a ƙashi.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne sojojin Amurka da 'yan'uwansu suka harbi motocinsu bisa kuskure, ɓarɓashin ƙarfen ya nutse musu a cinya, a kafaɗa, a baya. Tun 1993 asibitin tsofaffin sojoji na Baltimore yake bibiyarsu, an fara da mutum 33, daga baya suka kai kusan 80, ana kiran su duk bayan shekara biyu. Masu ɓarɓashi a jiki, fitsarinsu bai daina nuna yuraniyom mai yawa ba bayan shekaru fiye da ashirin, domin ƙarfen yana narkewa kaɗan-kaɗan cikin jini. Duk da haka likitocin ba su ga lalacewar ƙoda mai tsanani a cikinsu ba. Abin da suka fara lura da shi daga baya shi ne raguwar ƙwarin ƙashi. Wannan labari ne mai kwantar da hankali, amma mutum 80 ba su isa a yanke hukunci da su kan sankarar da ke ɗaukar shekaru kafin ta fito ba. A Italiya kuma, sojojin da suka yi aiki a Bosniya da Kosovo sun kamu da sankarar jini da ta wasu gaɓoɓi, iyalansu suka kai ƙara, kotuna suka yi ta ba su diyya, yayin da masana ke ci gaba da ja-in-ja kan ko ƙarfen ne sanadi.

A nan zan ja kunnen 'yan mazan jiya da iyalansu. Kada a ɗora wa yuraniyom kowane ciwo. Sojojin 1991 da yawa sun dawo da gajiya marar ƙarewa, ciwon gaɓoɓi, mantuwa da gudawa, aka daɗe ana zargin wannan ƙura. A 2021 wasu masana biyu, Randall Parrish da Robert Haley, suka gwada fitsarin tsofaffin sojoji 154 da na'ura mai tsananin gani, ba su samu alamar dusar yuraniyom ba. Zargi ya fi karkata ga iskar guba ta sarin da ta bazu lokacin da aka ragargaza rumbunan makaman Iraƙi, da magungunan ƙwari, da ƙwayoyin kariya da aka ba su. Wanda ya kafe a kan yuraniyom yana iya barin hawan jini ko ciwon suga suna cin ƙodarsa a ɓoye.

Abin da ya fi damuna shi ne mutanen da ba su da jirgin komawa gida. Soja ya yi wata shida ya tafi, manomin Basra da ke kudancin Iraƙi yana nan da rijiyarsa. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta je Bosniya shekara bakwai bayan yaƙi, ta tarar da burbushin ƙarfen a ruwan ƙarƙashin ƙasa a Hadzici, da kuma cikin iskar wasu gine-gine, ko da yake kaɗan ne. Harsasan da suka kuskure suka nutse a ƙasa suna tsatsa a hankali, an kiyasta sai sun shekara 25 zuwa 35 kafin su narke. A Iraƙi an lissafa wurare sama da 300 da suka gurɓata, yara suna wasa a cikin mushen tankoki, 'yan gwangwan suna yanka su da wuta suna sayarwa. Likitocin Basra da Falluja sun daɗe suna kukan yawaitar sankara da haihuwar jarirai masu tawaya. Binciken ma'aikatar lafiyar Iraƙi na 2013 ya ce bai ga ƙaruwar tawayar da ta fita daban ba, wasu masana suka soki yadda aka yi shi. Babu wata al'umma a can da aka bibiya mutum-mutum kamar yadda aka yi wa sojojin Baltimore, kuma a ganina wannan rashin adalci ne. Mutanen Arlit da ke Nijar sun san ɗanɗanon irin wannan, domin an taɓa samun gurɓatattun ƙarafan kamfanonin haƙar yuraniyom a kasuwar garin, duk da cewa nasu ɗanyen yuraniyom ne. Beljiyam ta haramta waɗannan makamai a 2007, Kosta Rika ta bi sahu a 2011.

Baba, idan ka yi aiki a ɗaya daga cikin waɗannan fagage, faɗa wa likita ko bai tambaya ba: shekarar, wurin, ko ka shiga ƙonanniyar mota, ko akwai ƙarfe a jikinka. A auna jini da fitsari a ga lafiyar ƙoda, a maimaita duk shekara. Akwai gwaji na musamman da ake tara fitsarin awa 24, wanda ke iya bambance dusar yuraniyom da ɗan yuraniyom ɗin da kowa ke samu daga abinci da ruwa, sai dai ba kowane asibiti ke da shi ba, likita ne zai nemi inda za a aika. Ka rabu da taba, domin huhun da ya riga ya sha ƙura ba ya buƙatar ƙari. Ka yi hattara da yawan shan maganin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, da jiƙe-jiƙen "wankin jini" na bakin tasha, duk ƙoda suke gajiyarwa. Uwargida ta kwantar da hankalinta, wannan ba cuta ce da ake ɗauka ta kwano ko shimfiɗa ba. Idan kuma akwai wani baƙin guntun ƙarfe mai nauyin tsiya da aka zo da shi tsaraba yana cikin akwati, kada a goge shi, kada a kai wa maƙeri, kada jikoki su taɓa. A ɗauke shi da safar hannu, a ƙulle a leda biyu, a sanar da asibitin barikin soja mafi kusa.