Matasa da Turanci a wajen aji: tambayoyi da amsoshi

A ina matasa suke cin karo da Turanci, alhali ba harshen gidansu ba ne?

Galibi a cikin waya. Yaro ɗan shekara 15 a Brazil ko Indonesiya zai iya yini bai yi wa kowa Turanci baki da baki ba, amma ya saurari waƙa da shi, ya kalli bidiyo a YouTube ko TikTok, ya buga wasan bidiyo na Minecraft da yaran wasu ƙasashe. Kusan rabin shafukan intanet da Turanci aka rubuta su, saboda haka mai neman yadda zai gyara wayarsa ko labarin ɗan ƙwallon da yake so, can zai faɗa. Yawancin abokan hirar tasa su ma koya suka yi: cikin mutum kimanin biliyan 1.5 da ke jin Turanci, wajen miliyan 400 ne kawai suka tashi da shi a gida.

Da gaske ana koyon harshe ta wasa da kallo?

Ana koya, amma hanyoyin ba ƙarfinsu ɗaya ba. A 2009 wata mai bincike 'yar ƙasar Suwidin, Pia Sundqvist, ta bibiyi ɗalibai 'yan shekara 15 zuwa 16, ta ga cewa waɗanda suka fi mu'amala da Turanci bayan an tashi daga makaranta sun fi yawan kalmomi da sakin baki. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a aikin nata shi ne, wasan bidiyo da karatu da yawo a intanet sun fi sauraron waƙa da kallon talabijin amfani. Dalilin a fili yake. Mai sauraron waƙa zai iya rerawa bai san abin da yake faɗa ba. Mai wasa kuwa dole ya fahimci umarni nan take, ya ba abokansa amsa, in ya yi jinkiri a cinye su. Buƙata ce take riƙe masa kalmar.

Kallo ma yana da nasa tasiri. A Holan da Suwidin da Denmark ana barin fim da muryarsa ta asali, a rubuta fassara a ƙasa, yara suna jin Turanci tun suna ƙanana. A Jamus da Faransa da Italiya an saba ɗora murya da harshen ƙasa. Ƙasashen rukunin farko sun daɗe suna sahun gaba a iya Turanci.

To me ya sa yaron da ke zuba Turanci yake faɗuwa a rubutun jarrabawa?

Harshen hira daban, na karatu daban. Masanin ilimi Jim Cummins ya nuna cewa yaran baƙin haure a Kanada sukan iya hira cikin kimanin shekara 2, amma harshen darasi yakan ci shekara 5 zuwa 7. Kalmomi 2,000 zuwa 3,000 sun isa hirar yau da kullum; karanta jarida ko littafin labari ba tare da ƙamus ba, a lissafin masanin harshe Paul Nation, yana buƙatar 8,000 zuwa 9,000. Saƙon waya gajere ne, ba ya koya wa mutum shimfiɗa hujja a sakin layi. Ni dai ina jin takaici idan aka kira irin wannan yaro daƙiƙi, domin ya riga ya yi nisa, abin da ya rage ne ba a nuna masa ba.

Cakuɗa Turanci da harshen gida yana lalata harshen uwa?

Cakuɗawar kanta ba ta lalatawa. Masu harshe biyu a ko'ina suna yi, kuma suna bin ƙa'idar nahawu ko da ba su lura ba. Inda ake asara shi ne idan matashi ya daina karatu da rubutu da harshensa, har ya kasa tattauna kimiyya ko siyasa da shi.

Me iyaye da malamai za su yi?

Su tambaye shi abin da yake kallo, su gina a kai. Mai son ƙwallo a ba shi doguwar maƙala kan ƙwallo, a ce ya rubuta ra'ayinsa a shafi guda, a gyara tare. Mai kallon fim ya kunna rubutun Turanci a ƙasa don ya ga yadda ake rubuta abin da kunnensa ya riga ya sani. A kuma kula da wanda yake hira da shi a wasannin, da lokacin barcinsa.