Waiwaye: Daga biskit ɗin tamowa zuwa tukunyar lakwal a Maraɗi

Duk wanda ya yi wayo a Maraɗi kafin 2005 yana tune da damanar waccan shekara. Fari da farin dango sun cinye amfanin 2004, tiyar hatsi ta gagari talaka, mata suka riƙa shigowa gari daga Ɗan Isa, Gidan Rumji, Dakoro da Tasawa, goye da yaran da tamowa ta tsotse. Abin da ya fi ciwo, hatsi na nan jibge a kasuwa, ana loda shi zuwa Jibiya da Katsina. Kuɗin saye ne babu.

Ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ke aiki a Maraɗi tun 2001, ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar cikin 2005, mafi yawansu a wannan jiha. A lokacin ne Plumpy'Nut ya shiga gidajenmu, uwaye suka raɗa masa suna biskit. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996: tunkuzar gyaɗa da madarar gari da sukari da mai, cikin ɗan ƙunshi mai giram 92. Ba a dafa shi, ba a dama shi da ruwa, shi ya sa uwa ke iya karɓar na mako ta koma gida maimakon ta kwanta a likita ta bar sauran ƴaƴa da gona. Wannan ya ceci rayuka masu yawa. Amma gyaɗar fa, ai ita ce ta gina Maraɗi tun zamanin Turawa.

Hukuma ba ta ji daɗin maganar yunwa ba. Shugaba Tandja Mamadu ya musanta ta a 2005, kuma a 2008 aka dakatar da MSF ta Faransa a Maraɗi. Duk da haka, a 2006 an mayar da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, sannan a 2012 aka kafa shirin 3N, wato ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar.

Kantin ta lakwal kuwa, wato dafa wa ɗalibai abinci a makaranta, ta girmi duk waɗannan. An fara ta ne saboda ƴaƴan makiyaya da na ƙauyuka masu nisa, hukumar abinci ta duniya, PAM, ta ɗauki shekaru da dama tana kawo hatsi da wake da mai. Malaman karkara sun san tasirinta: in hayaƙi ya tashi a madafar lakwal aji na cika, har ƴan matan da a da ake riƙewa don talla. In buhu ya ƙare, sai benci ya koma wayam. A Yamai aka yi bikin farko na ranar ciyar da ƴan makaranta ta Afirka, 1 ga Maris 2016, inda aka nanata a riƙa sayen abincin daga manoman yankin.

Abin da ke damuna shi ne tazarar da ke tsakanin shirye-shiryen biyu. Yaron da biskit ya tsamo yana shekara biyu, in ya kai bakwai sau da yawa yana shiga lakwal ɗin da ba ta da kantin, domin har yau makarantun da ke dafawa kaɗan ne, kuma akasarinsu sun dogara da kuɗin waje. Da safe ya sha ragowar kunu ko fura, in akwai, sannan ya zauna cikin rumfar kara har azahar.