Wai mene ne "kala balans" ɗin nan da masu editin hoto ke ta faɗa?

Ka taɓa ɗaukar hoto a wajen dina da daddare, ango ya sha farar shadda tas, amma kana duba waya sai ka ga shaddar ta koma ruwan ɗorawa kamar wadda ta shekara goma a ƙasan akwati? To gyaran wannan matsalar shi ake kira kala balans, wato daidaita launukan hoto.

Skirin ɗin wayarka launi uku kacal ya sani, ja da kore da shuɗi, su ne RGB ɗin da kake gani a manhajojin editin. Kowane ɗigon hoto yana ɗauke da lamba uku, kowacce daga 0 zuwa 255. In duka ukun suka kai 255 fari kenan, in duka 0 ne baƙi, in suka tsaya daidai wa daida a tsakiya kamar 128 sai ka samu ruwan toka. Ja da kore kuma in suka haɗu ruwan ɗorawa suke bayarwa, nan ne kan mutane ke ɗaurewa don da fenti ba haka abin yake ba, amma ai nan haske ake gaurayawa ba fenti ba. Dabarar ma ta tsufa, tun 1861 wani masanin kimiyya mai suna James Clerk Maxwell ya nuna hoto mai kala a Landan ta hanyar haɗa hotuna uku da aka ɗauka ta matatar ja da kore da shuɗi.

Mu koma kan shaddar ango. Kwan fitila mai haske ja-ja wajen 2700 yake a ma'aunin Kelvin, wato ma'aunin launin haske, shuɗin cikinsa kaɗan ne, hasken rana tsaka kuwa wajen 5500. Idonka yana gyara wannan da kansa ba ka ma sani ba, ita kyamara cinka kawai take yi, wani lokacin ta dace wani lokacin ta kwafsa. Ka ɗora alamar auna launi ta manhajar editin kan shaddar, ƙila ka ga ja 240, kore 220, shuɗi 170. Ka ga ɓarawon kenan, shuɗi ne ya gaza, shi za ka ƙara har lambobin su kusanci juna.

A manhajar Photoshop danna Ctrl+B ne ke buɗe wajen kala balans, layi uku ne, kowane launi da kishiyarsa. Ƙara shuɗi na kashe ruwan ɗorawa, rage kore na jawo ruwan hoda mai duhu. Ka riƙa taɓawa kaɗan-kaɗan don Allah, musamman ja, don fatarmu ba ta da wuyar komawa kamar an shafa mata manja.

Kuma kar ka yarda da idonka shi kaɗai. Ni na taɓa kwana ina gyaran hotunan suna, ashe wannan saitin kare ido na dare a kunne yake, skirin ɗin duk ya yi ɗorawa ni kuma ina ta zuba shuɗi. Da safe na buɗe, wallahi har jaririn ya zama shuɗi.