Blazhe Koneski da Daidaita Harshen Makedoniya

Blazhe Koneski mawallafin waƙoƙi ne kuma masanin harshe, wanda aka fi danganta daidaitaccen harshen Makedoniya da sunansa. An haife shi ranar 19 ga Disamba, 1921, a ƙauyen Nebregovo kusa da garin Prilep, ya rasu a Skopje ranar 7 ga Disamba, 1993. Ya yi sakandare a Kragujevac ta ƙasar Sabiya, ya shiga jami'a a Belgrade, daga baya ya koma Sofiya.

A ranar 2 ga Agusta, 1944, majalisar 'yan gwagwarmayar 'yantar da Makedoniya a Yaƙin Duniya na Biyu, wato ASNOM, ta ayyana Makedoniyanci a matsayin harshen hukuma. Sai dai a lokacin harshen ba shi da tsayayyun baƙaƙe, balle ƙa'idojin rubutu. Aka kafa kwamiti a watan Nuwamba, Koneski na ciki, yana ɗan shekara 22 kacal.

Zaɓen karin harshen da za a daidaita bai ba da wahala ba. An ɗauki na tsakiyar yamma, wato na yankin Prilep, Bitola da Veles, kamar yadda masanin harshe Krste Misirkov ya ba da shawara tun 1903. Baƙaƙe ne suka raba kan kwamitin. Koneski ya karkata ga tsarin rubutun Sabiyanci, inda kowane sauti ke da harafi guda, shi kuwa Venko Markovski, wanda shi ma marubucin waƙoƙi ne, ya dage a bar harafin ъ da ake amfani da shi a Bulgariyanci. Gardamar ta yi zafi har Koneski ya fice daga zaman. Da aka amince da baƙaƙe 31 a watan Mayun 1945, babu ъ a ciki. An ɗauko ј, љ, њ da џ daga Sabiyanci, aka sanya ѓ da ќ, aka dawo da ѕ daga tsohon rubutun coci. Ƙa'idojin rubutu suka biyo baya a watan Yuni.

Babban aikin Koneski ya zo ne bayan wannan rigima. Ya fitar da nahawun harshen kashi biyu, a 1952 da 1954, ya shugabanci tsara ƙamus mai juzu'i uku daga 1961 zuwa 1966, ya wallafa tarihin harshen a 1965. Waƙoƙinsa, irin su kundin Vezilka na 1955, su ne suka nuna cewa sabon daidaitaccen harshen zai iya ɗaukar adabi mai nauyi, abin da nahawu shi kaɗai ba zai yi ba. Shi ne shugaban farko na Cibiyar Kimiyya da Fasaha ta Makedoniya, daga 1967 zuwa 1975.

Har yau ba a daina ce-ce-ku-ce a kansa ba. Masana a Bulgeriya, inda ake ɗaukar Makedoniyanci a matsayin reshen Bulgariyanci, suna zarginsa da jan harshen zuwa Sabiyanci da gangan. A Skopje kuwa, tsangayar nazarin harsuna ta Jami'ar Kiril da Metodi sunansa take amsawa.