Mene ne HTPC, kwamfutar da ake ajiyewa a falo saboda kallo?

Duk wanda yake bin zancen kwamfuta da talabijin zai rinƙa cin karo da haruffan nan guda huɗu, HTPC, wasu kuma su ce midiya santa. Taƙaicen Home Theater PC ne. Mu a nan idan aka ce hom tiyata hankalinmu na zuwa ne kan sifikun nan masu babbar wufa da ake jerawa gefen tibi su yi ta girgiza gilashin taga, amma abin da ake nufi a nan ya wuce sifika. Kwamfuta ce aka haɗa ta da talabijin, aka ce mata daga yau aikinki ɗaya ne: ki ajiye mana finafinai da karatu da waƙoƙi da hotunan biki da na suna, ki jera su tsaf, duk wanda ya zauna a falo ya ɗauki rimot ya zaɓi abin da yake so. Shi kenan fa.

To abin da nake so mutum ya fara riƙewa shi ne HTPC ba wani kaya ba ne da za ka shiga kasuwa ka ce a ba ka guda ɗaya. Aiki ne ake ɗora wa kwamfuta. Tsohon laftof ɗin da kibod ɗinsa ya mutu ko sikirin ya tsage yana nan ƙarƙashin gado yana shan ƙura zai iya, ƙaramar destof irin ta ofis da ake shigowa da su na hannu za ta iya, ƙananan akwatunan nan da ba su fi tafin hannu biyu ba da ake ce wa mini PC su ma haka, har da Raspberry Pi, 'yar kwamfutar nan ta Ingila mai girman katin ATM da ta fara fita a 2012.

Amma ba duk wanda ya jona laftof da tibi ne ya yi HTPC ba, nan ne mutane suke haɗa abu biyu. Idan ka sa kebul ɗin HDMI ka buɗe fim da VLC, kana tsugune gaban tibi kana laluben fayil da maus, rubutu ƙanana sai ka matse ido kafin ka gani, in za a tsayar da fim sai wani ya tashi ya je ya danna, wannan aron babban sikirin kawai ka yi. Masu harkar suna da wata magana, wai fuskar ƙafa goma. Nufinsu tsarin da aka zana domin mutumin da yake zaune a kujera nesa da tibi kamar mita 3, rubutu manya, hotuna manya, komai da maɓallin sama da ƙasa da hagu da dama da OK. Ni ma'aunina ma mai sauƙi ne, idan Hajiya ko yaron da yake firamare za su iya kunnawa su nemo abin da suke so ba tare da an ƙwala maka kira ba, to ka haɗa HTPC. In kuwa kullum sai an jira ka dawo daga kasuwa, da sauran aiki.

Abin ya daɗe. Microsoft sun fitar da Windows XP Media Center Edition a 2002, har rimot ake sayar da kwamfutocin da shi, suka yi ta jan abin har Windows 7 da 8, da Windows 10 ta zo a 2015 suka yar da shi gaba ɗaya. Wanda ya rayu kuwa ba na kamfani ba ne. Wasu masu sha'awa ne suka rubuta manhajar kallo don na'urar gem ta Xbox ta farko, ana ce mata XBMC, daga baya ta bar Xbox ɗin ta koma kan kwamfutoci, a 2014 aka sauya mata suna zuwa Kodi. Kyauta ce, 'yan sa-kai ke kula da ita har yau. Plex ma, wata manhajar kallon, daga jikin XBMC ta tsiro kafin ta zama kamfani mai zaman kansa, sai Jellyfin da ta ɓalle daga wata manhaja irinta mai suna Emby a 2018 lokacin da masu Emby suka rufe lambobin manhajarsu.

Kodi ita ce wadda zan ce mai farawa ya fara da ita, kuma yadda take aiki shi ne inda daɗin yake. Ita fanko take zuwa, babu fim ko ɗaya a cikinta. Kai ne za ka nuna mata folda ka ce nan finafinai suke, nan masu dogon zango, nan karatu, sai ta bi fayil ɗaya bayan ɗaya tana karanta sunansa, ta leƙa intanet sau ɗaya a rumbun bayanai irin su TMDB ta ɗauko fosta da shekara da taƙaitaccen labari da sunayen 'yan wasa ta ajiye a kwamfutar. Daga nan ko babu data ko ƙwaya ɗaya komai yana nan a jere, kuma tana tuna inda ka tsaya, in Nepa ta ɗauke ana tsakiyar kashi na 7 gobe za ta tambaye ka a ci gaba daga nan ko a faro. Tana ma sa alama a kan wanda aka riga aka kalla, rigimar "ai mun ga wannan" ta ƙare.

Sai dai fa sirrin duk yana wajen suna, kuma nan ne yawancinmu za mu sha wahala. Fayilolin da ake tura mana a memori ko filash a shagon masu tura finafinai sunayensu sai a hankali, wani VID da lambobi goma sha, wani "sabo 2 complete", wani ma sunan shagon ne da lambar waya a jiki. Kodi ba za ta gane ko ɗaya ba. Dole ka zauna ka gyara, sunan fim sannan shekarar da ya fita a cikin baka, mai dogon zango kuma ka sa sunansa sannan S01E01, wato zango na 1 kashi na 1, na gaba S01E02, haka har ƙarshe. Aikin yini guda ne mai cin rai amma sau ɗaya ake yin sa. Finafinanmu na Hausa kuma da yawa ba a shigar da su waɗancan rumbunan ba, don haka kar ka yi mamaki in ta ɗauko maka fostar wani fim ɗin Indiya ta manna wa naka saboda sunan ya yi kama, sai ka sa hoton da hannunka, ko ka bar su a folda kawai ka rinƙa buɗewa ta ɓangaren fayiloli, hakan ma yana yi lafiya lau.

Plex da Jellyfin tsarinsu ya ɗan bambanta. Su kwamfutar ce take zama uwar ajiya a wani lungu, ba lallai ma ta taɓa tibi ba, sai wayoyi da tibin da ke gidan su rinƙa jawo kallo daga wajenta ta wayifai. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne rauta ba ta buƙatar data kafin ta haɗa na'urorin cikin gida da junansu, fim ɗin daga ɗaki zuwa falo yake tafiya bai fita waje ba. Gidan da yake da mutane da yawa, uwargida na kallon nata a waya, yara na katun a falo, wannan ya fi musu. Ni Jellyfin na fi so a nan saboda ba ta neman ka buɗe akawun a wani kamfani, Plex kuwa tana so ka shiga da akawun ɗinta, ranar da babu intanet takan ba da ciwon kai in ba ka saita ta tun da wuri ba.

Maganar kayan haɗi ba ta da yawa. HDMI yana ɗaukar hoto da sauti a kebul ɗaya, VGA mai shuɗin kai kuwa hoto kaɗai yake kaiwa, in shi ne da kai sai ka nemi wata wayar sauti daban zuwa sifika. A Windows ka danna maɓallin Windows da P ka zaɓi sikirin na biyu kaɗai. In ka ga gefen hoton ya yanke, laifin tibi ne, ka shiga saitin girman hoto, a LG ana ce masa Just Scan, a Samsung kuma Screen Fit. Faifan ajiya na waje kuma kar ka bar shi a tsarin FAT32, don ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce 4GB, ka mai da shi exFAT ko NTFS, amma ka kwashe kayanka tukuna domin fomatin yana share komai.

Rimot kuma hanya uku ce. Akwai ƙaramin kibod mara waya mai ɗan filash, akwai manhajar Kore da kake sa wa a wayar Android ta zama rimot ɗin Kodi, sannan akwai wadda ta fi duka daɗi, CEC, inda rimot ɗin tibin da kansa yake sarrafa kwamfutar ta cikin kebul ɗin HDMI. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata, Samsung Anynet+, LG SimpLink, Sony Bravia Sync. Raspberry Pi tana da ita tun daga masana'anta, amma yawancin laftof da destof ba su da ita sai an sayi wani ɗan adafta.

Inda tsohuwar kwamfuta take ba da kunya shi ne wajen irin matsin da aka yi wa bidiyon. Yawancin fayiloli H.264 ne, wannan kusan duk kwamfutar da aka yi cikin shekara goma sha da suka wuce tana buɗe shi har 1080p, wato hoton Full HD, ba gardama. Amma sababbin fayiloli ƙanana masu kyan hoto, da kusan duk na 4K, wato hoton da ya fi 1080p kyau, da H.265 ake matse su, wanda ake kira HEVC, kuma in kwamfutar ba ta da sashe na musamman da yake warware shi sai duk nauyin ya faɗa kan firosesa, fanka ta hau ihu, hoto yana tsayawa murya tana gaba. A firosesar Intel daga jenereshan na 7 zuwa sama an huta da wannan, Raspberry Pi 4 ta 2019 ita ma tana iyawa. Kafin ka kashe kuɗi ka duba tibinka ma, in 1080p ce to neman fayil ɗin 4K ɓarnar wuri ce kawai.

Sai wuta, wadda a wajenmu ita ce gaba da komai. Babbar destof ta da takan sha wat 60 zuwa sama da 100, ga zafi ga ƙarar fanka a falo, in kana kan sola ko inbata za ka ji a jikin batirinka. Raspberry Pi 4 cajarta gaba ɗaya wat 15 ce kuma ba ta ma shanye shi, mini PC ma kaɗan take ci. Laftof yana da wata fa'ida da ba a faɗa, in batirinsa na da sauran rai ko na minti goma ne, ɗaukewar wuta ba za ta kashe shi farat ɗaya ba, kuma irin wannan mutuwar ta ba-zata ce take lalata faifan ajiya. Ƙurar hunturu ma a kula da ita, kar a cusa kwamfutar cikin durowar tibi a rufe, tana son iska, a rinƙa busa mata ƙura lokaci-lokaci.

Tunda Microsoft sun daina tallafa wa Windows 10 a Oktoban 2025, kwamfutoci da yawa da ba za su ɗauki Windows 11 ba sun zama abin tausayi, to wannan aikin ya dace da su sosai. Akwai LibreELEC, ɗan ƙaramin Linux ne, wato tsarin da yake tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, da ba ya yin komai sai tayar da Kodi, kana kunnawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan fostoci sun bayyana, babu sanarwar ofdet da za ta faɗo tsakiyar kallo. Ka dai sani sa shi a faifan kwamfutar yana goge abin da ke ciki.

Akwai wani abu da ba zan tsallake ba. Sunan Kodi ya ɓaci a Turai saboda 'yan kasuwa da suke loda mata ƙarin manhajojin satar tashoshin ƙwallo da finafinai su sayar a akwati, har kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci a 2017 cewa sayar da irin waɗannan akwatunan keta haƙƙin mallaka ne. Kodi ita kanta halal ce, abin da aka ɗora mata ne matsalar, kuma waɗannan ƙarin yau suna aiki gobe sun mutu, wasu ma da ƙwayar cuta suke zuwa. Mu ma a gida abin ya shafe mu, kowa ya san yadda turawa a memori ta karya kasuwar faifan Kannywood har masu shiryawa da yawa suka koma YouTube. In furodusa ya sa aikinsa a tasharsa, kallo a can shi ne yake kawo masa ɗan abin da zai biya ma'aikata, dan Allah a kalla a can ɗin. Rumbun gida ya fi dacewa da abin da ka saya, da karatun malamai da aka bayar a yaɗa, da bidiyon bikin gidanku da suke warwatse a wayoyi biyar, waɗanda ranar da wayar ta faɗa ruwa shi kenan an rasa. Su ɗin ma a ajiye kwafi biyu a faifai daban-daban.

Wanda kuma duk kallonsa YouTube ne da Netflix kuma data ba ta dame shi ba, gaskiya ba ya buƙatar HTPC, tibi mai intanet ko ɗan akwatin Android ya ishe shi, Netflix ma ta fi tafiya daidai a kansu fiye da cikin Kodi. Amma mai tarin fayiloli a filash shida da had disk biyu, ga yara da yake so ya san abin da suke kalla, ya fara gwadawa da laftof ɗin da ke hannunsa, ya sauke Kodi daga shafinsu na kodi.tv, ya gyara sunan fim goma kacal ya nuna mata foldar ya gani, kafin ya sayi ko da kebul ɗaya na ƙari.